Muryar Mai Karanta Littafi: Yadda Take Fitowa da Yadda Ake Kiyaye Ta

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Samaru ko ya shiga shagunan teloli a Sabon Gari, da wuya ya rasa jin wata murya tana fitowa daga wayar salula tana karanta littafin labari babi bayan babi. A wani shagon kuma Littafi Mai Tsarki ake saurare da Hausa, littafin da aka fara buga cikakkiyar fassararsa a 1932, bayan aikin da su Dokta Walter Miller na Wusasa suka sa hannu a ciki. Al'adar sauraren littafi ta girmi wayar salula, domin shekaru da dama da suka wuce Rediyon Tarayya na Kaduna ya saba wa jama'a da ita ta shirin "Shafa Labari Shuni". Manufar wannan darasi ita ce mu duba wannan aiki da idon kimiyyar halittu, saboda ɗalibin da ke sha'awarsa, da kuma malamin makaranta wanda murya ce jarinsa.

Taƙaitaccen tarihi

A 1877 Thomas Edison na Amurka ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar magana ta maimaita, kuma tun a lokacin ya hango cewa za ta karanta wa makafi littattafai. Hasashen bai tabbata ba sai a shekarun 1930, lokacin da aka fara ɗaukar littattafai a faifan garmaho a Amurka da Ingila. A Ingila an soma raba su a 1935, musamman saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Farko. Fitowar kaset a 1963 ta sauƙaƙa aikin, yau kuma waya ɗaya na ɗauke da abin da a da sai an cika kwali da kaset.

Daga huhu zuwa leɓɓa

Murya aikin sassa uku ce. Na farko huhu, wanda shi ne zugazugin. A ƙarƙashinsa akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ta raba ƙirji da ciki. Idan ta sauka ƙasa iska ta shiga, idan ta saki iska ta fita. Babban mutum da ke zaune shiru yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, amma da ya fara magana sai tsarin ya sauya: ya shaƙa da sauri, ya riƙa saki a hankali har jimla ta ƙare.

Sashe na biyu shi ne maƙwallato, wato akwatin guringuntsi da ke saman bututun iska, wanda gabansa muke kira zakaran wuya. A cikinsa akwai tantani guda biyu masu kama da leɓɓa, tsawonsu kimanin milimita 17 zuwa 25 ga namiji, 12 zuwa 17 ga mace. Idan suka matso juna iska ta bi ta tsakaninsu, sai su riƙa buɗewa da rufewa: wajen sau 120 a daƙiƙa ga namiji, fiye da sau 200 ga mace. Wani malamin waƙa ɗan Sifen, Manuel Garcia, ya kalli nasa suna motsi a 1854 ta amfani da ɗan ƙaramin madubi da hasken rana.

Sashe na uku shi ne maƙogwaro da baki da hanci. Sautin da tantanin ke fitarwa gunji ne kawai. Harshe da ganɗa da haƙora da leɓɓa ke sassaƙa shi ya zama baƙi da wasali.

Gwada da kanka: ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka ka ja sautin "s", sannan ka ja "z". A na biyu za ka ji karkarwa, a na farko babu. Sannan ka furta "ka" da "ƙa". Wajen "ƙa" maƙwallato na rufewa ya yi sama ya tunkuɗo iskar da ke baki, shi ya sa masana harshe ke kiran irin wannan sauti tunkuɗau.

Abin da rubutu ya ɓoye

A nan mai karanta Hausa ke da nauyin da takwaransa na Turanci ba shi da shi. Hausa harshe ne mai karin sauti, rubutunmu na yau da kullum kuwa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Kuka" na iya zama na jariri ko na miya. "Wuya" na iya zama gaɓar jiki ko wahala. "Gari" na iya zama birni ko na tuwo. "Ya tafi" ma, gwargwadon yadda aka furta "ya", tana iya zama labarin abin da ya faru ko umurni. Wata 'yar tsoka a gaban maƙwallato ce ke miƙe tantanin idan ana son sauti ya hau, kamar yadda makaɗi ke matse tsarkiyar kalangu, kuma dole ƙwaƙwalwa ta ba ta umurni kafin kalmar ta fito. Saboda haka idon gwanin karatu yakan riga bakinsa da 'yan kalmomi. Wanda bai taɓa bin shafi a zuci ba, in ya karanta shi a fili sai ya yi tuntuɓe.

Mu ɗauki littattafai biyu masu tushe a tarihi, cikin waɗanda suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. A dukkansu dattijo ne ke ba na baya labarin rayuwarsa, sai dai ɗaya malami ne mai natsuwa da ke tuna zamanin bauta, ɗayan kuwa mayaƙi ne mai kirari. Kuskuren sabon shiga shi ne ya shaƙe maƙogwaro don ya yi "muryar tsoho", ko ya sirance murya don ya yi ta mace. Wannan na gajiyar da tantani, kuma yana iya karya karin sautin kalma. Hasali ma muryar namiji takan ɗan sirance ne idan ya tsufa, ta mace kuma ta ɗan yi kauri. Abin da ke bambanta Shaihu da Ganɗoki a kunne shi ne sauri da tsawon numfashi da inda ake dakatawa. Haka mai karanta littafin addini: natsuwa da fitar da kowane harafi sun fi ɗaga murya.

Kiyaye murya

Mu yi ɗan lissafi. Idan namiji ya yi karatun awa ɗaya, muka ɗauka rabin lokacin ne tantaninsa ke karkarwa, wato daƙiƙa 1,800, to sun haɗu da juna sau 216,000. Malamar da ke koyarwa awa huɗu a aji mai hayaniya ta ninka wannan sau da yawa. Idan aka ci gaba da tilasta su, sai su kumbura, daga baya su yi kanta irin ta hannun manomi, murya ta dishe. Ni kaina na taɓa yin mako biyu ina koyarwa da alli kaɗai, bayan na yi ta ɗaga murya a babban zauren lacca cikin hunturu. Ga abin da ya kamata a kiyaye:

1. A sha ruwa tun da wuri. Ruwan da aka kurɓa ba ya taɓa tantanin, domin hanyar abinci daban take da ta iska. Sai ya bi jini kafin ya tsinka majinar da ke lulluɓe su. Buƙatar ta fi yawa a busasshiyar iskar hunturu.
2. A huta bayan kowane rabin awa na karatu.
3. A rage yawan gyaran murya da ƙarfi. A haɗiyi yawu ko a kurɓi ruwa.
4. Idan murya ta dishe a yi shiru. Raɗa da ƙarfi ma wahalar da maƙwallato take yi.
5. A guji taba da hayaƙi.
6. Dishewar da ta wuce mako uku ba ta mura ba ce kawai. A ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Wajen ɗauka

A zaɓi ƙaramin ɗaki mai labule da katifa, domin bango tsirara na mayar da amsa-kuwwa. A ajiye waya kimanin taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace. Kada ka karaya idan ka ji muryarka ta yi maka baƙunta: kullum kana jin ta ne ta iska da kuma ta ƙasusuwan kai, waɗanda ke ƙara mata kauri, na'ura kuwa ta iska kaɗai take ɗauka.

Kammalawa

Wasu na ganin sauraro bai kai karatu ba. Binciken da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2019 ya nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa da ke fahimtar ma'anar labari kusan iri ɗaya suke aiki, ko ta ido labarin ya shigo ko ta kunne. Zazzagawa ma shaida ne, domin Aliyu Namangi, mai Imfiraji, makaho ne, kuma ta kunne ya tara iliminsa. Akwai ɗalibai makafi da tsofaffin da idonsu ya raunana waɗanda littattafai ke rufe gare su. Ƙungiyar Hausa ko ta kimiyya a makarantarku na iya ɗaukar littafi ɗaya a zango, bayan neman izinin mai haƙƙinsa. Allah ya sa mu dace.

Aikin aji

1. Zana maƙwallato ka nuna tantaninsa.
2. Kawo kalmomi biyar da ma'anarsu ke sauyawa da karin sauti ko tsawon wasali.
3. Ƙirga kalmomin da kake karantawa a fili a minti ɗaya, sannan ka lissafa awoyin da littafi mai kalmomi 30,000 zai ɗauke ka.