Ki Fahimci Bayanin Asibiti Kafin Ki Koma Gida

 Darasinmu na wannan fitowa a kan bayani ne: wanda ma'aikaciyar lafiya ke yi miki da baki, da wanda take rubutawa a katinki ko a jikin magani. Magani mai kyau yana iya cutarwa idan ba a gane yadda ake amfani da shi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, da Hausa da Fulatanci yake yi wa jama'a wa'azi domin kowa ya gane. Ke ma haƙƙinki ne a yi miki bayani da harshen da kike ji.

Katin awo

Katin awo shi ne bakinki a ranar da ciwo ya hana ki magana. Ga ma'anar wasu haruffa da ke cikinsa:

1. LMP: ranar da kika fara ganin al'adarki ta ƙarshe. Idan da watan Musulunci kike lissafi, ki faɗa haka, ko da kusa da azumi ne ko bayan Babbar Sallah. Mu za mu juya shi.
2. EDD: ranar da ake sa ran haihuwa, wato mako 40 daga waccan rana. Kintace ne. Haihuwa tana iya zuwa kafin ranar ko bayanta.
3. BP: awon hawan jini. Idan ya kai 140/90 ko ya wuce, akwai haɗari, ko da ba kya jin ciwon komai.
4. PCV: yawan jinin jikinki.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko cikin mako 12 na farkon ciki. Kowane zuwa ki riƙo katinki. Ki sa shi cikin leda, ki ajiye inda maigida ya sani.

Shan magani

"Sau uku a rana" na nufin bayan kowace awa takwas: da asuba, da azahar, da lokacin kwanciya. Ba a haɗa su a shanye lokaci guda don an manta.

Ƙwayar ƙarin jini kullum ake shan ta. Tana iya mai da bayan gida baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne, kada ki daina. Kada ki kora ta da shayi, domin shayi yana rage amfaninta.

Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda aka fi sani da Fansidar, ƙwaya uku ake sha lokaci guda a gaban ma'aikaciya. Ba a fara shi sai ciki ya wuce wata uku, kuma tsakanin sha da sha aƙalla wata guda.

Magunguna biyu da ke buƙatar kulawa

A 2013 Jihar Sakkwato ta fara raba wa masu haihuwa a gida magunguna biyu: misoprostol da chlorhexidine. Dukkansu suna ceton rai, amma kuskure a kansu yana da tsada.

Misoprostol ƙwaya uku ne, na hana zubar jini bayan haihuwa. Ana shan sa ne bayan jariri ya fito, kuma an tabbatar babu wani a ciki. Ba maganin saurin naƙuda ba ne. Idan aka sha kafin jariri ya fito, mahaifa tana iya fashewa, a rasa uwa da ɗa.

Chlorhexidine na cibiyar jariri ne kaɗai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi bayan samun rahotannin jarirai a ƙasashen Afirka da aka sa wa maganin a ido bisa kuskure, har wasu suka makance. Maganin ba jabu ba ne, bayanin ne bai isa ga mai sa shi ba. Sau da yawa mai jego ce aka yi wa bayani, amma kaka ko ungozoma ce ke wankan jariri. Don haka ki isar mata da abin da aka gaya miki, ki kuma raba maganin cibiya da na ido.

Ke ma ki yi mana bayani

Kunya ado ce, amma ba a ɗakin awo ba. "Jikina ba daɗi" ba ya isar ma'aikaciya. Ki faɗi abu huɗu: me kike ji, a ina, tun yaushe, da abin da kika sha, har da jiƙo, rubutu ko maganin kemis. Idan jini kika gani, ki faɗi yawansa: zane nawa ya jiƙe.

Kada a jira gari ya waye idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- zubar jini
- matsanancin ciwon kai ko gani dishi-dishi
- kumburin fuska da hannuwa
- jijjiga
- zazzaɓi mai zafi
- fashewar faya ba tare da naƙuda ba
- jariri ya rage motsi ko ya daina
- naƙuda ta wuce awa 12

Idan an turo ku Sakkwato daga wani asibiti, ku karɓi takardar turawa kafin ku hau mota. A cikinta ake rubuta abin da aka gani, da allurar da aka yi, da lokacin da aka yi ta. Rashinta na sa a ɓata lokaci ana sake bincike, ko a maimaita maganin da an riga an bayar.

Kafin ki tashi

Bayan an gama yi miki bayani, ki maimaita shi da bakinki: "Malama, kin ce in sha ɗaya kullum bayan abinci, in dawo ranar Talata, ko?" Idan akwai kuskure, nan take za a gyara. In ba kya karatun boko, ki ce a yi miki alama a jikin ledar magani, ko ki sa a rubuta miki da ajami. Matambayi ba ya ɓata.

Malam maigida, kai ne mai ba da izini da kuɗin mota. Ka riƙa rako ta awo ko da sau ɗaya ne, ka ji da kunnenka. Ka kuma ba da izini tun yanzu cewa ko ba ka gida, in an ga alamar haɗari a kai ta asibiti ba tare da jiran ka ba.

Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya abin da za a haifa. Amin.