Yadda ake ƙera raket na tanis

Tanis wasa ne na mutum biyu ko huɗu. Suna bugun ƙaramar ƙwallo da wani abu mai kama da faifai mai mariƙi. Sunansa raket.

A da, da icce ake yin raket. Icce yana da nauyi, kuma in ya sha raɓa sai ya karkace. A shekarar 1983, Yannick Noah, ɗan Faransa wanda ubansa mutumin Kamaru ne, ya ci babbar gasar Paris da raket na icce. Bayansa babu wanda ya sake cin irin wannan gasa da icce. Yanzu da zaren karbon ake yin shi, galibi a ƙasar Sin.

Zaren karbon baƙi ne, ya fi gashin kai siranta. Ana jera shi, a jiƙe shi da wani irin ƙaro, ya zama kamar ƙyalle. Sai a yanka shi gunduwa-gunduwa.

To, nan aikin yake. Zaren yana da ƙarfi ta tsawonsa kaɗai. Ta gicciye ba ya da ƙarfi. Ku duba zana: in karan duka sun miƙe waje guda, ba ta tsayuwa, sai an gitta su. Haka ma'aikaci yake yi. Yana naɗa ƙyallen bisa wata doguwar roba, irin ta cikin tayar keke, wannan a miƙe, wancan a karkace. Da hannu ake wannan aiki, har yau. In ya bar ƙyalle guda ya tattare, ido ba ya gani, amma wata rana raket ɗin zai tsage a daidai wurin, a hannun wanda ya zuba kuɗinsa ya saya.

Daga nan sai a lanƙwasa shi, a sa shi cikin akwatin ƙarfe mai siffar raket, a rufe. A ba shi zafi wajen digiri 150, a hura iska cikin robar. Iskar tana matse ƙyallen ga jikin ƙarfe har ƙaron ya daskare.

In an buɗe, ga raket ya fito, cikinsa rami ne fayau! Nauyinsa wajen giram 300, bai kai ko rabin kilo ba. Saura a huda ramuka, a goge, a shafa fenti, a ɗaura tsirkiya.