Kafin a buɗe wa ɗalibai ƙwayar zarra a kwamfuta

Malamin kemistiri da ya gaji da zana da'ira a allo yana da mataimaki yanzu. Manhajar Build an Atom ta shirin PhET, wanda Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, kyauta ce, kuma ana iya sauke ta a yi aiki babu intanet. Ɗalibi zai ja firoton da yatsa ya jefa a cibiyar zarra, sunan sinadarin ya canja nan take. Firoton 6 kabon ne; ya ƙara ɗaya, ya koma naitirojin.

Amma akwai tarko. Yaro yakan ɗauka abin da ya gani shi ne ainihin siffar zarra, ilektiron na zagaye a kan layi. Wannan tsarin Bohr ne na 1913, kwatance ne kawai. Girman ma ba haka yake ba: da zarra ta kai filin ƙwallo, cibiyarta ba za ta wuce ƙwayar wake ba. Wajibi ne malami ya faɗi wannan da bakinsa, sannan ya juya hoton zuwa na gajimaren ilektiron, ɗalibai su ga bambancin.

Kada kuma ya bar su suna danne-danne. Ya fara da tambaya: me zai faru idan aka cire ilektiron ɗaya daga litiyom? Kowa ya rubuta hasashensa a littafi kafin a taɓa na'ura. Daga ƙarshe a rufe kwamfutar, su zana kabon-14 da fensir.