Darasi na Bakwai: Kyamarar Dijital a Fagen Bincike, Gyara Ko Sauyawa?

1.0 Gabatarwa

Mai nazarin al'adun Hausawa da adabin baka ba ya rabuwa da kayan ɗaukar hoto da murya. Hawan Daushe a Kano da kamun kifi na Argungu da rinin Ƙofar Mata, duk abubuwa ne da bayanin baki kaɗai bai isa ya fito da kamanninsu ba. Wasu daga cikinsu kuma ba kullum ake yin su ba, don haka idan kyamara ta tsaya ana tsakiyar aiki, sai mai bincike ya jira wani zagayen. Wannan darasi ya duba yadda ake yanke shawara a kan kyamarar da ta lalace: a gyara ta, ko a sayi wata.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) kawo muhimman sassan kyamarar dijital da cutukan da kan same su;
(b) bambance matsalar da ta cancanci gyara da wadda ba ta cancanta ba;
(c) kare shawararsa da hujjoji a rubuce.

3.0 Ƙunshiyar Darasi

3.1 Taƙaitaccen Tarihi

Kyamarar dijital ita ce wadda take mayar da haske zuwa lambobi ta adana su a kati, maimakon fim. Injiniya Steven Sasson na kamfanin Kodak ne ya harhaɗa ta farko a shekarar 1975. Kasuwarta ta kai ƙololuwa a 2010, lokacin da kamfanonin Japan suka fitar da fiye da miliyan 120, amma a 2020 adadin bai kai miliyan 9 ba, saboda wayar hannu ta ƙwace aikin ƙananan kyamarori. Kamfanin Casio ma ya daina ƙera irin waɗannan a 2018. Wannan tarihi ya shafi mai gyara kai tsaye, domin idan aka daina ƙera abu, kayan gyaransa sukan yi wuya, su kuma yi tsada.

3.2 Gano Matsala

Matakin farko shi ne cire katin ajiya a kwashe hotunan zuwa kwamfuta, domin sau da yawa abin da ke cikin katin ya fi kyamarar daraja. Idan katin ya ƙi buɗewa, kada a goge shi, kada kuma a ƙara ɗaukar hoto a kansa, tunda akwai manhajojin da kan dawo da abin da ya ɓace. Bayan haka sai a gwada wani batir da wata caja da wani kati, saboda kyamarori da dama da ake zaton sun mutu, batirinsu ne kawai ya gaji.

Idan matsalar ta wuce nan, to tana iya kasancewa a ɗayan waɗannan sassa:

(i) Allo: yakan fashe idan kyamara ta faɗi. Sauya shi ba ya da wahala.
(ii) Gilashin gaba: ƙurar hunturu takan shiga tsakanin haƙoran da ke tura shi waje, sai ya maƙale. Laimar damina kuma takan sa ya yi fumfuna.
(iii) Marfin ƙiftawa: shi ke buɗewa ya rufe a duk ɗauka, kuma yana da iyaka. A manyan kyamarori matsakaita akan ƙiyasta masa ɗauka 100,000 zuwa 150,000.
(iv) Idon karɓar haske da allon lantarki na ciki: su ne zuciyar kyamara, kuma su suka fi tsada. Ruwa idan ya shige su yakan ci gaba da cin ƙarfe ko bayan sun bushe.

Bai kamata wanda bai ƙware ba ya kwance kyamara. Ma'ajiyar wutar filasha takan riƙe kimanin bolt 300 ko da an cire batir. Ga kuma haɗarin gyaran gangar Auzinawa, inda garin neman gira akan rasa ido.

3.3 Ma'aunan Yanke Shawara

Na farko, garanti. A binciki ko wa'adinsa bai ƙare ba, ko kuma laifin daga masana'anta ne. A shekarar 2005 an gano cewa idon karɓar haske da Sony ya ƙera wa kyamarori da dama yana lalacewa a wuri mai zafi da laima, kuma kamfanoni irin su Canon da Nikon da shi Sony ɗin sun riƙa gyarawa kyauta.

Na biyu, kuɗi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, idan kuɗin gyara ya haura rabin farashin wata kyamarar mai aiki iri ɗaya, saye ya fi. A ƙaddara irinta tana kan N120,000. Idan sauya allo zai ci N25,000, gyara ya dace. Idan kuwa gilashi da allon ciki za su ci N80,000, to gara a cika kuɗin a sayi wata.

Na uku, shekaru da kayan gyara. Tsohuwar kyamara idan an gyara wani sashe, wani kan biyo baya. Sai a tambayi mai gyara ko sabon kaya zai saka ko na cire, da kuma tsawon lokacin da zai tsaya wa aikinsa.

Na huɗu, nau'in kyamara. Wadda ake cire wa gilashi, idan jikinta ya mutu ana iya sayen jiki kaɗai mai bakin ɗauri iri ɗaya, a ci gaba da amfani da gilasan. Ƙarama mai gilashi a manne ba ta da wannan dama.

Na biyar, buƙatar aikin. Hoton kayan ƙira ko shafin rubutun ajami, waya mai kyau ta wadatar. Amma mahayin da ke sukuwa daga nesa sai kyamara mai jawo hoto da gilashi.

4.0 Kammalawa

Shawara ingantacciya tana farawa da ceto hotuna, sannan gano sashen da ya lalace, sannan auna kuɗi da shekaru da buƙata. Ko wace hanya aka bi, rigakafi ya fi magani: a ajiye kyamara a jaka mai rufi lokacin hunturu, a busasshen wuri lokacin damina, a cire batir idan za ta daɗe a ajiye. Mataccen batir kuma ba a jefa shi a wuta, domin yana iya fashewa.

5.0 Auna Fahimta

1. Kawo sassa huɗu na kyamarar dijital tare da matsalar kowanne.
2. Me ya sa ake fara cire katin ajiya kafin komai?
3. Kyamarar Sashen Hausa ta faɗa ruwa saura mako biyu a fita bincike. Rubuta wa Shugaban Sashe takarda mai shafi ɗaya, ka ba da shawarar gyara ko saye, tare da hujjoji uku.