Yadda Hankalin Yaro Ya Ke Girma

'Yan'uwa, mu da mu ke zaune a bakin ruwa, daga Shanga har Yauri da Ngaski, ya wajaba mu riƙe wannan darasi, gama ya shafi ran 'ya'yanmu.

Wani masani mutumin Suwizalan, Jean Piaget (1896-1980), ya lura da 'ya'yansa uku tun suna jarirai, ya gwada waɗansu yara da yawa kuma. Ya iske hankalin yaro hawa hawa ya ke girma.

1. Daga haihuwa zuwa shekara 2. Yaro yana koyo da ido da hannu da baki. Idan an rufe ludayi da zane a gaban jariri mai wata 4, ba ya nemansa. Wajen wata 8 sai ya fara ɗaga zanen. Sa'anda ya soma rarrafe, kome ya gani sai ya nufe shi, ko wuta ko ruwa.

2. Daga shekara 2 zuwa 7. Baki ya buɗe, ya kan ɗauki sakaina ya ce jirgi ne. Amma abin da ido ya nuna masa, shi ne gaskiya a wurinsa. Ku juye kunu daga faffaɗan ƙoƙo zuwa dogon kofi siriri a gabansa, za ya ce kunun ya ƙaru.

3. Daga shekara 7 zuwa 11. Yanzu ya gane kunun bai ƙaru ba. Ya fara auna tsawo da faɗi tare.

Masana na baya sun iske wani yaro ya kan yi sauri, wani ya jinkirta, amma duk ta hawa hawa su kan bi.

To, ina amfaninsa a gare mu? Tun da aka gama dam na Kainji a 1968, ruwan tafki ya kan cika ya kuma janye kowace shekara. Inda yaro ya yi wasa da rairayi watanni kaɗan da suka wuce, yau ya fi ƙarfin tsayinsa. Ɗan shekara 4 saman ruwa kaɗai ya ke gani, bai san zurfi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna yara masu shekara 1 zuwa 4 ne ruwa ya fi ci.

Saboda haka gargaɗin baki bai isa ba, bulala kuwa ba ta kawo hankalin da lokacinsa bai yi ba. Uwa mai wanki, yaro ya zauna inda hannunki zai kai. Uba, kada ka bar shi a kwalekwale kana gyaran taru. Kada mu danƙa wa 'yar shekara 6 renon ƙanenta a bakin ruwa, gama ita ma ana renonta ne.

Tambayoyi:
(a) Yaranku suna wane hawa yanzu?
(b) Wa ke lura da su ran kasuwa?