Wasiƙa da Sunan Wani: Darasi a Kan Saƙonnin Bogi

Karatu: 1 Sarakuna 21:1-16, 2 Tasalonikawa 2:1-3 da 3:17



Tun da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a shekarar 2001, saƙon waya ya maye gurbin wasiƙar da muke ba direba ya kai gida. Amma ga shi koke-koke sun yi yawa a majami'unmu: saƙo ya zo da sunan banki, ko na Fada, ko ma na Bishop, mai wayar ya gaskata, guminsa na shekara ya tafi cikin minti kaɗan. Abin da muke so mu riƙe a darasin nan shi ne, sunan da ke kan saƙo ba shaida ba ne cewa mai sunan ne ya aiko shi.

Tsohon ciwo ne

Sa'ad da Nabot ya ƙi sayar wa Sarki Ahab gonar inabin da ya gada, Yezebel ta shirya wasiƙu da sunan sarki da hatiminsa zuwa ga dattawan garin. Suka tsayar da shaidun zur biyu, aka jejjefe marar laifi. Ba su tsaya sun auna ko abin da wasiƙar ta umarta daidai ne a gaban Allah ba. Sunan babba ya rufe musu ido.

Ikkilisiya ta fari ma ba ta tsira ba. Manzo Bulus ya gargaɗi masu bi na Tasalonika kada hankalinsu ya tashi saboda wata wasiƙa da za a ce daga wurinsa take, mai cewa ranar Ubangiji ta riga ta zo. A ƙarshen wasiƙarsa ya rubuta gaisuwa da hannunsa, ya ce ita ce alamar da za su san tasa. Mu lura: manzon bai ji haushi don za a bincika saƙonsa ba, shi da kansa ya koya musu binciken.

Yadda ake yin sa a yau

Saƙon da banki ko hukuma ke aikowa yakan fito ne daga kwamfuta, ta hannun kamfanonin da ke tura saƙo ga dubban mutane a lokaci guda. A wurin akwai gurbin sunan mai aikawa, wanda ke ɗaukar haruffa har 11, mai aikawar ne kuma yake cike shi. Kamfanonin waya suna ƙoƙarin tantance sunayen nan, duk da haka ɓarayi sukan sami kafa. Wayarmu kuwa da suna take jera saƙonni, don haka na ƙarya yana iya faɗawa cikin jerin na gaskiya, a ƙarƙashin wanda banki ya aiko jiya.

Ta haka ake nuna wa mai kanti saƙon shigar kuɗi, ya miƙa kaya, daga baya ya tarar asusunsa bai motsa ba. Ta haka ake ce wa tsohuwa za a rufe asusunta in ba ta aiko da lambar BVN ba, wato lambar tantancewa da Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014. Wani kuma a roƙe shi lambobi 6 da WhatsApp ya turo masa. Da ya bayar, ɓarawo ya ƙwace shafinsa, ya shiga zauren mawaƙa ko na Zumuntar Mata yana neman taimako da sunansa. Kusan dukansu da gaggawa suke zuwa: yanzu-yanzu, kada ka gaya wa kowa.

Abin da ya kamace mu

Na ɗaya, kada mu amsa ta hanyar da saƙon ya bayar. Mu kira lambar da muka sani tun dā, ko mu taka zuwa banki ko ofishin Fada. Gani ya kori ji.

Na biyu, lambar sirri ta katin banki, da wadda ake turowa don tabbatar da ciniki, ba a faɗa wa kowa. Banki ba ya tambayarsu.

Na uku, ɗan kasuwa ya duba abin da ke cikin asusunsa kafin ya saki kaya.

Na huɗu, gudummawar Ikkilisiya a fili ake sanar da ita bayan Misa. Duk roƙon da ya zo a ɓoye da sunan Fada, a kai wa Fada ko Katikis.

Nauyin da ke kan lamirinmu

Mai sojan gona da sunan wani ya karya doka ta bakwai da ta takwas gaba ɗaya, gama ya yi sata, ya kuma yi shaidar zur. In ɗanmu ne, kada mu ci daga abin da ya kawo. Tubarsa ba ta cika ba sai ya ƙudura mayar da abin da ya ɗauka gwargwadon ikonsa. Mu ma da muke tura saƙo gaba ba tare da bincike ba, mu tuna zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wanda aka cuta kuwa, kada mu yi masa dariya, domin kunya ce take sa mutum ya yi shiru har ɓarawon ya cuci na gaba. Mu raka shi banki nan da nan, mu sanar da 'yan sanda, mu kuma faɗakar da sauran 'yan'uwa.

Tambayoyi domin ƙungiyoyi

1. Da kai ne ɗaya daga cikin dattawan garin Nabot, me za ka tambaya kafin ka yi biyayya?
2. Wace alama iyalinku za su yarda da ita don gane saƙon juna?
3. Wa zai riƙa karanta wa tsofaffin majami'armu saƙonninsu cikin amana?

Ubangiji, Makiyayi nagari wanda tumakinsa suka san muryarsa, ya ba mu kunnen rarrabewa da harshen gaskiya. Amin.