Darasi: Mata Uku Masu Kala

A shekara ta 1857 wani mai zane a ƙasar Faransa, sunansa Millet, ya kai wani hoto wurin baje zane-zane a birnin Paris. Shi ɗan manoma ne, an haife shi a 1814, ya kuwa san zafin gona tun yana yaro. Bari mu duba hoton nan tare, gama akwai koyarwa a cikinsa.

Abin da muke gani. An gama girbin alkama. Ga mata uku a gaba suna kala. Biyu sun sunkuya har hannuwansu na taɓa ƙasa, ta uku ta ɗan ɗaga, amma bayanta bai miƙe ba. Ba mu ganin fuskokinsu sosai. Abin da kowacce ta samu bai wuce cikin hannu ba. Can nesa kuwa ga tarin dammuna kamar tuddai, ga keken ɗaukar kaya cike, ga ma'aikata da yawa, ga kuma mutum bisa doki yana lura da aiki. Gona ɗaya ce, rana ɗaya ce, amma rabo ya sha bambam.

Yadda aka karɓe shi. Masu dukiya da yawa ba su ji daɗinsa ba. Suna tune da tawayen 1848, sa'ad da talakawa suka tashi, sai suka ga kamar hoton yana tone musu asiri. Millet ya sayar da shi faran 3,000. Ya mutu a 1875. A 1889 aka saye shi faran 300,000. Yau yana gidan adana zane na Orsay a Paris.

Abin da za mu koya. Kala ba sabon abu ba ne gare mu. Cikin Littafin Firistoci sura 19 an umarci mai gona ya bar gefen gonarsa domin matalauci da baƙo. Rut ma ta yi kala a gonar Bo'aza. Ashe kala hakkin matalauci ne. Millet bai ƙara wa matan nan kyau ba, bai kuma mai da su abin ba'a ba. Ya sa su a gaba, mai doki a baya, domin a gan su.

Tambayoyi
1. Don me mai zanen ya ɓoye fuskokin matan?
2. Su wane ne ke kala a garinmu bana? Mun san sunayensu?
3. Idan mun yi girbi, me muke bari a gefen gona?